Firi a Gangaren Dundaye

Babana Modi direban gingimari ne,
albasa yake ɗauka daga Gada zuwa Ikko.
In ya ga tudu sai ya yi bisimilla,
in ya ga gangara sai ya sa firi.

Yakan ce, "Ɗiyata, mai ba ruwan rijiya ba na,
abin da ƙasa ta ba ki kyauta
kada ki biya shi da kuɗɗin gari."

Ya rasu bai bar mota ba.
Hannunsa na dama ya bar mini,
wanda ke zuwa kan giya ba shawara, ba nazari.

Yanzu ga ni da Korola ta hannu,
atomatik, mai ruwan toka,
kullum daga Mabera zuwa jami'a
inda nake jera littattafai a kanta.
Albashi na tafiyar hawainiya,
kuɗin lita kuwa bai san komai ba sai sauri.

Da na wuce Dundaye, fadama ta buɗe,
shinkafa shar dama da hagu,
sai in tura sandar daga D zuwa N.
Inji ya sassauta murya,
in ji kamar na yi wa gidan mai fashi a sarari.

Wata bakwai ina wannan dabara
kafin motar ta soma ƙorafi:
in na mai da ita D sai ta zabura
kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi tun da wuri.

Arzika na Runjin Sambo ya zaro sandar gwajin mai,
ya shinshina, ya dube ni:
"Malama, mi kinka yi ma giyabos ɗin ga?"
Na ce tattali.
Ya yi dariya har da tari.

Ya shiga gefena da 'yar na'urarsa,
ya jona ta ƙarƙashin sitiyari.

Muka je gangaren nawa.
"Bar ta a D, ɗaga ƙafa daga totur."
Na ɗaga. Lambar da ke fuskar na'ura
ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya a sifiri.

"Taya ke juya inji yanzu,
injekta ta kame baki, ko ɗigo ba ta sha.
Mu koma sama ki yi irin taki."
Muka koma. Na sa N. Lambar ta farka.
"Kin raba shi da taya, da mi za shi rayu?
Dole shi sha don kada shi mutu.
Ban san injin mahaifinki ba,
wanga dai ba haka anka yi mai ba tsari."

Ina neman amsar da zan kare Baba,
sai mai Keke ya tsaya cak a bakin gadar Kwalkwalawa
yana taya kifi.
Na danne birki, birki kaɗai,
inji na can saki, bai riƙe ni da komai ba.
Tafin hannu ne ya rage tsakanina da hatsari.

Arzika bai ce uffan ba.
Mai kifi ne ya yi salati,
ya ɗaga tarwaɗa yana nuna ni wa jama'ar wuri.

Man giya da aiki sun cinye rabin albashi.
Na lissafa tattalin wata bakwai a bayan rasit,
ban sami abin rubutawa ba sai ƙari.

Yanzu a D nake sauka.
Amma duk safiya, da fadama ta buɗe,
hannun nan sai ya tashi da kansa.
In kamo shi, in ajiye shi a gwiwa,
in karanta wa Modi ƙulhuwallahu uku
kafin in kai gada.
Shirun nan na gangara, shi kaɗai nake marmari.